Ɗankwalin Hajo a Birnin da Ba a Hura Wuta

Kafin in ga birnin da idona, a wayar Alhajin biza na fara ganinsa. Muna cunkushe a wani ɗaki a Legas, kowa ya yi matashin kai da jakarsa, ya shigo ya miƙo wayar muna karɓa hannu zuwa hannu. Dogayen benaye fes kamar an wanke su da sabulu, teku shuɗiya, motoci na wucewa ba ƙara. Ya ce birnin yana ƙasar Larabawa, kullum ƙara girma yake yi, kuma masu shi sun ɗauki alkawarin cewa nan da wasu shekaru duk hayaƙin da zai tura sama itatuwa za su shanye shi, ya zama kamar bai fitar da komai ba. Har jiragen ruwa masu aiki da lantarki sun sayo, matuƙa kawai suke nema.

"Kai ba ɗan Yawuri ba ne?" in ji shi. "Ai ku a cikin jirgi ake haihuwarku. Farar riga za ka sa da hula, kana zagayawa da Turawa."

Ban ji sauran bayanin ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: ashe akwai birnin da ba hayaƙi.

Sunana Sahabi. Matata Hajo banda take yi a bakin ruwan Yelwa, sana'ar da ta tashi ta tarar innarta tana yi. Tun hantsi take zama gaban murhun laka, ta jera tarwaɗa da ƙurungu a kan ragar waya, ta rufe da tsohon kwano, hayaƙin ƙirya yana fitowa ta ko'ina yana shiga idonta da ƙirjinta. Ni kuwa tun ina sakandare littattafan soyayya suka cinye ni. Haya nake ɗauko su a kasuwa, in kwanta cikin jirgin babana in an ɗaure shi, in yi ta karatu har rana ta juya. A cikinsu kullum akwai wani saurayi da ke zuwa ya ɗauke yarinya daga wahala ya sa ta a mota mai sanyi. Don haka wata yamma, ba a daɗe da aurenmu ba, da tari ya sarƙe Hajo har sai da ta dafa bango, na durƙusa a gabanta yadda na karanta ana yi, na ce, "Na rantse sai na fitar da ke daga hayaƙin nan, ya hasken raina."

Ta share hawayen tari ta dube ni. "Tashi, Malam, kak ka ɓata wandonka. Miƙo min wancan itacen."

Ita wasa ta ɗauke shi. Ni ban ɗauke shi wasa ba, shi ya kai ni ɗakin nan na Legas.

A ɗakin akwai wani Bakatsine, Lawal, wanda tun ranar farko ya laƙaba mini Bakabe, duk da na gaya masa Yawuri daban Kabi daban. Shi ya kama ni wata safiya na cusa hanci cikin leda.

"Bakabe, me kake shaƙa? In sholisho ne gaya mini in matsa."

Na nuna masa. Ɗankwalin Hajo ne, ruwan goro mai zanen ganye. Da zan taho ta so ta wanke wani ta turara mini shi da turaren wuta, na ce a'a, na kanta nake so. Na ninke shi na sa a leda, na sa ledar cikin wata ledar don kada ƙamshin ya gudu.

Lawal ya shinshina ya yamutsa fuska. "Kai jama'a! Mutane na tafiya da hoton matansu, wannan ya taho da warin kifi. In mun isa, karnukan filin jirgi kai za su fara yi wa maraba."

"Ƙamshi ne, ba wari ba."

"Bawan Allah, kana gudun hayaƙi kuma ka ƙunso shi a leda?"

Aka yi ta dariya, har da ni.

A filin jirgin birnin aka raba mu. Wani mutum ya karɓe fasfo ɗinmu ya zuba a jakarsa, ya nuna wa Lawal wata mota, ya nuna mini wata. Ta taga Lawal ya ɗago mini hannu ɗaya, ɗayan ya toshe hanci da shi. Ban sake ganinsa ba, kuma daga shi na daɗe ban sake jin wani ya buɗe baki da Hausa a gabana ba.

Motar da ta kwashe mu tsohuwar bas ce mai shan dizal, tana tafe tana zubar da baƙin hayaƙi, ba ta da maraba da motocin hanyar Kontagora. Ba ta bi ta cikin birni ba, ta bayansa ta zagaya. Na hango benayen daga nesa suna ƙyalli, wasu an gama wasu ana kan ɗorawa, har suka ɓace muka shiga rairayi. A nan sansaninmu yake: dogayen ɗakuna, gadaje hawa-hawa, mutane daga ƙasashen da ban taɓa jin sunan wasunsu ba. Farar rigar da aka yi mini alkawari ta zo ruwan lemo, da takalmin roba har gwiwa. A ƙofar kowane ɗaki an manna hoton harshen wuta an ja masa jan layi. Ba girki, ba gawayi, ko ashana ba a son gani. Abinci a roba ake kawo shi, shinkafa da wata miya mai ɗanɗano ɗaya kullum.

Washegari na tambayi shugaban aikinmu, wanda kowa ke kira Mudir, da ɗan Turancina na sakandare, ina jirgin da zan tuƙa. Ya sa na maimaita. Sannan ya yi dariya har da dafa ciki, ya ɗauko wani faranti cike da 'yan tsirrai a baƙaƙen ledoji ya ɗora mini a ka. Aikin ke nan: dasa wani itace da Larabawa ke kira ƙurum, wanda ke rayuwa cikin laka da ruwan gishiri. Su ne itatuwan da za su shanye hayaƙin birnin. Jiragen lantarkin kuwa akwai su, a nan Alhaji bai yi ƙarya ba. Na gan su suna wucewa can nesa, farare fat, da matuƙansu masu fararen riguna.

Na yi wa kaina nasiha. A littafi ma saurayin da wahala yake farawa. In aka ga ƙwazona za a ɗaga ni, in an ɗaga ni wata rana Hajo za ta sauko daga jirgin sama ta ja iskar nan har ƙasan ƙirjinta.

A makon farko aka kai mu wani makeken fili na laka, ruwa can nesa kamar zare. Ni ɗan bakin ruwa ne, na san irin wannan fili. A wurinmu in ruwa ya janye, ya janye ke nan sai an yi watanni. Har shuka ake yi a inda ya bari, mata su yi shanya, Fulani su bi da shanu. In kuma zai dawo yakan yi sallama: yau ya taɓa wannan dutse, sai an kwana biyu ya taɓa na gaba. Saboda haka na zaɓi wani ɗan tudun laka na ajiye jakata, da ɗankwalin a ciki don ban yarda in bar shi a ɗaki ba, na yi gaba ina dashe.

Can Mudir ya busa usur. Na ga mutane suna tattara kaya suna komawa tudu da sauri. Na ɗauka hutu ne. Na ce yau za a san an kawo ɗan Yawuri, na ƙara duƙawa. Suna ta ɗago mini hannu, ni ma ina ɗaga musu.

Sai da ruwa ya zubo ta bakin takalmina sannan na miƙe. Babu filin. Ruwa ya zo ta baya, ya zo ta gefe, ba igiya ba ƙara. Iyo ba ya gagara ta, amma laka ta riƙe ni, in na zaro ƙafa ɗaya ɗayar ta ƙara nutsewa. Na hango jakata ta tashi tana juyi tana tafiya.

Wani dattijon ɗakinmu ne ya dawo, Mannan, ɗan Bangaladash, siriri, ya rine gemunsa da lalle. Ya zo yana jan wani dogon katako, ya kwantar da shi a gabana, ya nuna mini in zare ƙafa in bar wa laka takalmin. Ya ja ni na hau. Ni kuwa ina samun kaina na faɗa ruwa na bi jakar. Yana ta ihu da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san faɗa ne, irin wanda uba ke yi.

Na kamo ta. Ruwa ya riga ya ratsa ledojin. Na shanya ɗankwalin a bayan ɗaki, da ya bushe ya yi tauri, gishiri ya yi masa fari-fari. Na kai shi hanci. Ba ƙirya, ba tarwaɗa, ba man kanta. Na juya shi ta kowace kusurwa, na bi har bakin ɗinkin. Teku ta wanke Hajo tas.

Mannan ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya zana jinjirin wata a rairayi, ya zana ruwa, ya kawo hannu ya mayar, ya sake kawowa ya mayar. "Kullu yaum," ya ce. Kullum haka teku ke yi, ta zo ta koma, ta sake zuwa. Sannan ya nuna ɗankwalin. "Zauja?" Larabcin allon da na sani ya isa in gane matata yake tambaya. Na gyaɗa kai. Ya dafa ƙirjinsa, ya nuna can gabas, ya girgiza kai a hankali. Muka zauna har aka kira magariba.

Daga nan na koyi teku. Na koyi dasa ƙurum da sauri, yatsu cikin laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, gishiri yana tsattsage mini dunduniya. Wasu tsirran su kama, wasu ruwa ya tafi da su, mu koma mu sake. Ba wanda ya ɗaga ni.

Wata Juma'a na ce bari in je in ga inda zan kawo Hajo. Na yi wanka na sa rigata ta sallah, na yi tafiya mai nisa a ƙafa har inda motocin birni suke tsayawa. Bas ɗin ta zo kamar inuwa. Na shiga na yi sallama da ƙarfi yadda ake yi. Ba wanda ya ɗago. Wata murya daga rufin motar ce kawai ta faɗi wani abu, ƙofa ta rufe kanta. Na zagaya birnin yini guda. Rufin gidaje shimfiɗe da allunan tara hasken rana, itatuwa a jere kowanne da ɗan bututun da ke ɗiga masa ruwa, hotunan dajinmu na ƙurum a bango, kore shar, ba ko mutum ɗaya mai rigar ruwan lemo a ciki. Wallahi birnin ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Iskarsa kuwa in ka ja ta sai ka ji ta wuce ba ta taɓa komai ba.

Abin da ya dame ni shi ne birnin ba shi da wari, ba shi da ƙamshi. A Yelwa ko an rufe maka ido ka san lokaci: ƙosai da safe, man injin jirage da hantsi, banda in rana ta ɗaga, tuwo da daddawa in ta faɗi. A nan hancina ya zama kamar kurma. Na zauna a wani benci na yi ƙoƙarin zaunar da Hajo kusa da ni a cikin raina, yadda nake zaunar da 'yan matan littafi duk inda na so. Ta ƙi zama. Na rasa abin da hannuwanta za su riƙa yi.

Saƙonta ta wayar yayanta yake zuwa, na murya. Da farko dogo ne: ruwa ya kawo har gindin mangwaro, matan Onica sun zo sun kwashe banda, Inna na gaishe ka, wai kana cin abinci kuwa? Daga baya sai ya fara zuwa gutsi-gutsi. "Malam, ina wuni." Ya yanke. "Muna nan lahiya." Ya yanke. Na daɗe ina zargin waya kafin in gane. Duk sanda tari zai zo mata sai ta saki maɓallin don kada in ji. Wata rana ta makara da saki, na ji farkonsa, irin mai fitowa daga can ƙasa. Na ce mata ta bar bandar nan, ai ina aikowa. Ta ce to. Na san irin wannan to ɗin.

Sai saƙon ya ɗauke ɗungum. Na kira yayanta, ya ce lafiya lau, ta je ƙauye wajen Shanga. Na kira maƙwabcinmu, ya ce lafiya lau, ɗazu ma ya gan ta. Na kira Inna ta wayar mai shago, ta ce, "Lahiya lau, ɗana, kai dai yi aikinka." Dukansu da murya ɗaya, wadda ake yi wa matafiyi magana da ita. Ni ma na taɓa yi wa wani irin wannan murya, na san abin da ake rufewa da ita.

A cikin wannan hali aka tura ni da Mannan wani ɗan tsibiri mu maye gurbin tsirran da suka mutu. Aka sauke mu da safe, za a dawo ɗaukarmu bayan la'asar. Da teku ta janye sai ta bar wani kududdufi tsakanin saiwoyin tsofaffin itatuwa, cike da kifi masu fasalin karfasa, suna ta watsal-watsal. Na tsaya ina kallonsu. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na tuɓe riga na tare bakin kududdufin na kamo abin da na kamo.

Na kwaɓa laka na ja ta zagaye yadda Hajo ke gyara murhunta, na bar baki ta ƙasa. Na ɓalle wayar da ke jikin farantin dashe na shimfiɗa. Na tsinto busassun itatuwan da teku ta kawo da wani karyayyen katako. Na feɗe kifin na lanƙwasa su. Sannan na miƙa wa Mannan hannu, don na san yana ɓoye abin kunna taba a cikin hularsa.

Ya dubi murhun, ya dube ni. "Mamnu'," ya ce. An hana. "Mushkila kabir, Sahabi." Wato babbar matsala.

Na ciro ɗankwalin na nuna masa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya cire hular.

Da wuta ta kama na danne ta da jiƙaƙƙen buhu. Ranar ba iska, hayaƙin ya miƙe sama sak kamar igiya. Na ware ɗankwalin da hannu biyu na riƙe a kansa, idona na zubar da ruwa, na bar shi ya sha har ya yi ɗumi. Na kai hanci. Ba shi ba ne. Katakon mai fenti ne, kifin na ruwan gishiri. Amma in na rufe ido na ja a hankali, can ƙasa akwai wani abu kaɗan, kamar ka hango mutum daga ƙetaren ruwa ka kasa tabbatar ko shi ne.

Mannan ya ɓare kifi ɗaya tun bai gama yi ba, yana hurawa yana ci, hawaye na bin jan gemunsa. Shi ma daga ƙasar ruwa ya fito.

A gida in jirgin inji ya taso daga Wara, tun bai ɓullo ba ka ji shi, har ka san na wane ne. Kunnena na saurare, ban ji komai ba. Ɗagowar da zan yi sai ga farin jirgin lantarki ya tsaya dab da tsibirin, cike da baƙi masu manyan kaya, an kawo su ganin dajin da ke shanye hayaƙi. Duk sun ɗaga wayoyi. Ni ga ni ba riga, riƙe da ɗankwalin mace a kan wuta.

Washegari aka kai ni ofis. Wata Balarabiya ce a bayan tebur, matashiya, mai magana a hankali. Ta yi mini Turanci na kasa bi, ta ɗaga waya ta kira wani. Aka turo ƙofa, wani baƙin mutum mai farar jallabiya ya shigo ya dube ni.

"Sannu, ɗan'uwa. Daga wace ƙasa?"

Na amsa da sauri, na ce Yawuri. Direbanta ne, mutumin Sudan. Kakanninsa daga Sakkwato suka taso da ƙafa za su hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta kakata ce. Ita ce Hausar farko da aka yi mini ido da ido tun rabuwata da Lawal, kuma da ita aka gaya mini an kore ni.

"Ta ce baƙin nan daga nesa suka zo, abin da suka ɗauka a waya shi ne hayaƙi tsakiyar daji. Ta ce da iska ta taso da tsoffin itatuwan sun kama. Tana tambaya, yunwa ce? Ba a ba ku abinci?"

Na ɗora ɗankwalin a tebur. Na faɗi komai, tun daga durƙuson da na yi har zuwa saƙon da ya ɗauke. Yana fassarawa, ya kai wani wuri ya tsaya ya gyara murya, sannan ya ci gaba. Matar ta juya tana kallon taga. Da ta juyo ta tambaya ko tsohon yana da hannu. Na ce hana ni ya yi, wanda gaskiya ne. Ta ce ba za ta iya mayar da ni aiki ba, amma ba za a kira 'yan sanda ba, za a ba ni fasfo ɗina da tikitin gida.

Mannan ya raka ni har bakin sansani. Ya cire ƙyallen da ke wuyansa, wani ja mai gida-gida da yake share gumi da shi, ya rufe hancinsa da shi ya nuna mini, sannan ya ɗaura mini a wuya. Ya faɗi doguwar magana da yarensu. Na amsa masa da Hausa. Muka rungume juna.

Mutumin Sudan ne ya kai ni filin jirgi, a motar lantarki mai sanyi, ta tsakiyar birni. Motar littafi sak, sai dai kujerar da ke gefena ba kowa. "Yi ta magana, ɗan'uwa," ya ce. "Tun da uwata ta rasu ban samu mai yi mini ita haka ba." Na ba shi labarin ruwanmu, da tsibiran da ke tsakiyarsa, da ranar kasuwa in jirage sun cika bakin gaɓa. Ban gaya masa abin da nake tsoron tararwa ba.

Tun kafin motar Kontagora ta shiga tashar Yelwa hancina ya buɗe. Ban je gida ba. Na saɓa jakata na miƙe bakin ruwa, ina tafe ina kallon fuskokin mutane ko zan ga wanda zai sunkuyar da kai.

Tana nan gaban murhu. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, sandar juya wuta a hannunta. Gwaggo Tumba, ƙanwar innarta mai murhun kusa da nata, ita ta fara ganina.

"Lale! Ga matuƙin Turawa! Ina farar rigar?"

Hajo ta juyo. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Malam? Mi ya hwaru?"

"Korata aka yi."

"Subhanallahi. Mi ka yi musu?"

"Banda na yi."

Gwaggo ce ta fara fashewa, sauran matan suka ɗauka, har wata ta zauna a ƙasa. Hajo ma ta yi dariya, dariyar ta juye tari, ta duƙa ta dafa gwiwa, ya ƙi sakinta. A nan ba maɓallin da za ta saki. Na ji shi duka.

Gwaggo ta daina dariya. "Kwance ta yi asibiti, an hana mu gaya maka. Likita ya ce ta bar hayaƙi ko hayaƙi shi gama da ita. Shekaranjiya ta taso, ga ta nan."

"Abin da nake aikowa fa?"

"An sai magani," in ji Hajo da ta samu numfashi. "Malam, in murhun ga ya huce, matan Onica wajen wata za su koma, kuma ba su dawowa. Tun innata suke saye nan. In bar shi ga wa?"

Na duba cikin kaina, duk littattafan da na karanta, ban samu shafin da ya zo nan ba. Na ajiye jaka. Na kwance ƙyallen Mannan daga wuya na ɗaure hanci da baki. Na zare sandar daga hannunta.

"Koma can gindin mangwaro, inda iska ke fitowa."

"Kai Malam, mutane na kallo."

"Turawa ma sun kalla."

Yau ni ne namiji ɗaya tilo a layin masu murhu na wajenmu. Abokaina na jirgi in sun kawo kifi sai su ce, "Hajiya Sahabi, a juya mana da kyau." A teburin mai shayi an daina matsa mini wuri kamar da, in na zauna sai wani ya ce wa ya shigo da ƙurungu. Na ƙona kifi ba kaɗan ba kafin hannuna ya faɗa. Tarin Hajo bai tafi ba, amma ya daina tashinta daga barci. Ni kuma na fara nawa, ƙarami, da safe.

Ɗankwalin na mayar mata tun ranar. Ta shinshina ta ce, "Wagga wace irin banda ce? Hwenti ka ƙona?" Ta wanke shi da sabulu. Yanzu in ta ɗaura shi ƙamshin sabulu yake yi, ni kuma sai na tuɓe rigata a waje kafin ta bar ni in shiga ɗaki.

In na rufe murhu da kwano, hayaƙi ya kewaye ni har ban ganin kowa, nakan bi shi da ido yana hawa yana karkata gabas. Sai in tuna tsirran da na dasa, in ce ko sun kai ƙugu yanzu, ko Mannan na nan duƙe a cikinsu, ko wani abu daga wannan hayaƙin nawa zai yi tafiya har ya isa wurinsu su shanye. Nakan yi nisa a wannan tunani, har sai murya ta taso daga gindin mangwaro, da ƙarfi, duk layin na ji:

"Ya hasken raina! Kihin na ƙonewa!"